Awon lafiyar 'yan wasa a Italiya: abin da ake dubawa, abin da ake biya, da dalilan da ke sa a hana takarda

A Italiya ba a shiga gasa da fatar baki. Yaro ɗan shekara 12 da ke buga wa ƙungiyar unguwa da ɗan wasan Serie A mai albashin miliyoyi, dukkansu sai sun riƙe takardar likitan wasanni da ke cewa jikinsu zai ɗauki gasa. Awon da ake yi kafin a ba da ita shi ne Italiyawa ke kira visita agonistica. Tushensa doka ce mai lamba 1099 ta shekarar 1971, sai kuma dokar ministan lafiya ta ranar 18 ga Fabrairu 1982, wadda ta tsara yadda ake yin sa, kuma har yau da ita ake aiki. Iyayen da ke zaune a Brescia ko Verona ko Napoli da yaransu ke ƙwallo, da samarin da ake kai wa gwaji a ƙungiyoyin ƙasar, duk ta wannan ƙofa za su bi. Ra'ayinmu a kai shi ne awon ya ci kuɗinsa, kuma ya ceci rayuka. Amma yana da illoli na gaske, kuma ɗaya daga ciki ta fi faɗa wa baƙar fata.

Ba kowane likita ne ke ba da takardar ba. Sai wanda ya ƙware a fannin lafiyar wasanni, ko dai a cibiyar gwamnati ta hukumar lafiyar yanki, wadda a yawancin yankuna ake kira ASL, ko a asibitin kuɗi da aka ba izini. Likitan iyali yana iya rubuta ƙaramar takarda ta wasan motsa jiki da ba na gasa ba, amma ba za ta shigar da kowa fili ranar gasa ba, kuma nan ne iyaye da yawa ke fara yin asarar kuɗi da lokaci. Ana zuwa da takardar buƙata daga ƙungiya mai hatimi da sa hannun shugabanta, da katin shaida, da katin lafiya, da fitsarin safe a cikin ƙaramin kwalabar da ake saya a kantin magani. Mai sa tabarau ya zo da shi. Yaron da bai kai 18 ba sai da uwa ko uba, domin su ne za su sa hannu. Takardar ta wasa ɗaya ce: wadda aka rubuta don ƙwallon ƙafa ba ta aiki a dambe ko ninkaya. Shekarun fara buƙatarta ma sun bambanta, 12 a ƙwallon ƙafa, 8 a ninkaya.

Dokar 1982 ta raba wasanni gida biyu. Rukunin A na wasannin da ba sa gajiyar da zuciya sosai ne, irin su harbin baka da golf, kuma a nan dubawar likita da gwajin fitsari da ECG, wato zanen bugun zuciya, a kwance sun wadatar. Rukunin B ya ƙunshi ƙwallon ƙafa da kwando da guje-guje da keke da ninkaya da dambe, inda ake ƙara gwajin huhu da ECG bayan motsa jiki. Takardar rukunin B shekara ɗaya take yi.

Ga yadda awon yake a cikin ɗaki. Za a auna tsawo da nauyi da hawan jini, a gwada gani, a saurari ƙirji da baya, a duba ƙashin baya da gaɓoɓi. Sai a cire riga a kwanta, a manna wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana bugun zuciya. Sai gwajin huhu: a matse hanci da ɗan maƙali, a sa bututu a baki, a ja numfashi har ƙarshe, a fesar da shi da ƙarfi ba tsayawa. Daga nan sai hawa da sauka a kan wani akwati mai tsayin santimita 30 zuwa 50, gwargwadon tsawon mutum, sau 30 a minti ɗaya, har minti 3, ana bin sautin wata na'ura mai ƙirga taku. Da an gama sai a koma a kwanta nan take, a sake zana bugun, a ƙirga shi tsakanin daƙiƙa ta 60 da ta 90 bayan tsayawa, don a ga saurin da zuciya ke yi wajen komawa daidai. Duka-duka abin bai fi rabin awa zuwa minti 40 ba idan babu matsala.

Wannan akwati shi ne wuri mafi rauni a duk awon. Minti 3 na hawa da sauka ba ya kai zuciyar ɗan ƙwallon da ke atisaye kullum ko kusa da inda take kaiwa a minti na 80 na wasa, kuma akwai rikicewar bugu da ba ta fitowa sai an matsa wa zuciya. Shi ya sa yankuna da yawa suke wajabta gwajin keke ga wanda ya haura shekara 35, inda ake ƙara nauyin feda sannu-sannu har sai mutum ya kasa, wayoyin suna manne a jikinsa ana kallon allo. Wanda ya taɓa jin jiri ko faɗuwar gaba yana tsakar gudu, ko da shekararsa 19 ce, ya nemi a yi masa na keken ya biya bambancin.

Maganar kuɗi kuwa, yara 'yan ƙasa da 18 da naƙasassu kyauta ake yi musu a cibiyoyin gwamnati da waɗanda gwamnati ta amince da su, muddin sun zo da takardar ƙungiya. Babba zai biya, kuma a asibitin kuɗi farashin yakan tsaya tsakanin Yuro 50 da 100, ya danganta da gari da irin gwajin. Matsalar kyautar ita ce layi. A watan Satumba, lokacin da duk ƙungiyoyi ke buɗe kaka, ana iya ba mutum ranar da ta yi makonni ko watanni a gaba, alhali yaron ba zai buga ba sai da takarda. Sai uba ya ga ba shi da mafita illa ya je asibitin kuɗi ya biya abin da doka ta ce kyauta ne. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, in ji masu iya magana, kuma bai kamata haka ta kasance a kan haƙƙin yara ba. Mafita ita ce a duba ranar ƙarewar tsohuwar takarda a nemi rana wata biyu ko uku kafin lokacin.

Sakamako uku ne ke fitowa. Idoneo, wato ya cancanta. Non idoneo, wato bai cancanta ba. Sai na tsakiya, inda likita zai dakatar da hukunci ya nemi ƙarin bincike: hoton eko na zuciya, na'urar Holter mai naɗar bugun zuciya da ake ratayawa awa 24, gwajin keke, wani lokaci hoton MRI. A tsawon wannan dakatarwa babu takarda, saboda haka babu wasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi watsi da ƙarin binciken saboda tsada ko tsoro. Ana ba da wa'adi, wanda ya bambanta daga yanki zuwa yanki, kuma idan ya wuce ba a kawo sakamako ba, ana iya rufe fayil ɗin da hukuncin rashin cancanta ga mutumin da wataƙila lafiyarsa ƙalau.

Dokar 1982 ba ta jera cututtukan da ke hana takarda ba. Ta bar hukuncin a hannun likita, ta ce ya duba mutumin da irin wasan da zai yi. Abin da likitan ke dogara da shi a ɓangaren zuciya shi ne ƙa'idojin wani kwamitin ƙungiyoyin likitocin zuciya da na wasanni da ake kira COCIS, wanda ya fitar da na farko a 1989, na baya-bayan nan kuma a 2023. Su ba doka ba ne a rubuce, amma da su kotu ke auna likita idan wani abu ya faru. Davide Astori, kyaftin ɗin Fiorentina, ya rasu a ɗakin otal a Udine ranar 4 ga Maris 2018, yana riƙe da takarda mai kyau. A 2021 wata kotu a Florence ta yanke wa likitan da ya sa mata hannu hukuncin ɗaurin shekara ɗaya, bisa cewa gwajin motsa jikin ya nuna rikicewar bugu da ta kamata a zurfafa bincike a kai. Duk likitan wasanni a ƙasar ya san wannan shari'a. Idan ka ga yana jan ƙafa wajen sa hannu, ba wulaƙanci ba ne. Wuyansa ne a ciki.

Mafi yawan hanin daga zuciya yake. Akwai kaurin naman zuciya na gado, da cutar da ke mayar da naman zuciya tabo da kitse har bugu ya rikice, wadda ita ce ta kashe Piermario Morosini na Livorno a filin Pescara ranar 14 ga Afrilu 2012. Akwai lalacewar bawul, da kumburar babbar jijiya, da jijiyar zuciya da ta fito ta gurbin da ba nata ba, da cututtukan lantarkin zuciya. Wasu kan rufe ƙofa gaba ɗaya, wasu na ɗan lokaci ne. Kumburin naman zuciya da kan biyo bayan ƙwayar cuta yana buƙatar hutun wata 3 zuwa 6 da sake gwaji. Ƙarin hanyar lantarki a zuciya da ake kira WPW ana iya ƙona ta da waya ta jijiya, mutum ya koma fili. Hawan jini ba ya hana takarda idan an shawo kansa, sai dai a kula da maganin: masu sa fitsari suna cikin haramtattun magunguna na WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, a duk wasanni, masu rage bugun zuciya kuma haramun ne a harbi da harbin baka. Ya kamata likitan da ke rubuta maganin ya san cewa ɗan wasa ne a gabansa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Nwankwo Kanu. Bayan ya ci wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ya koma Inter daga Ajax, awon Italiya ya gano lahani a bawul ɗin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciyarsa. An yi masa tiyata a Cleveland ta Amurka a watan Nuwamba na shekarar, ya dawo ƙungiyar a 1997, ya koma Arsenal a 1999, ya yi shekaru yana wasa. Mutum ne da ya riga ya ɗauki kofin zakarun Turai da wannan zuciyar, ba wanda ya lura. Khalilou Fadiga na Senegal ma Inter ta saye shi a 2003, likitoci suka hana shi buga mata saboda zuciya. Ya koma Bolton a Ingila, inda ya yanke jiki ya faɗi kafin wani wasa a watan Oktoba na 2004. Antonio Cassano na AC Milan kuwa an dakatar da shi a ƙarshen 2011, aka toshe masa wata 'yar kafa a zuciya, aka mayar masa da takardarsa a Afrilun 2012, ya buga gasar Turai a bazarar. Hani ba kullum yake nufin ƙarshen sana'a ba.

Inda ake takun-saƙa shi ne maganar na'urar farfaɗo da zuciya da ake dasawa a ƙirji. Christian Eriksen na Inter ya faɗi a wasan Danmak da Finland ranar 12 ga Yuni 2021, aka dasa masa ita, kuma daga ranar babu likitan Italiya da zai sa masa hannu ya buga ƙwallon ƙafa. Inter ta raba gari da shi a watan Disamba, ya koma Brentford a Janairun 2022, daga baya Manchester United. Zuciya ɗaya ce, na'ura ɗaya ce, amma Ingila ta yarda, Italiya ta ƙi. Bambancin yana cikin wanda ke da ta-cewa. A Ingila likita zai bayyana haɗarin, ɗan wasa da ƙungiya su yanke shawara. A Italiya ɗan wasa ba shi da ikon cewa ya ji ya gani, zai ɗauki nauyin kansa, domin babu takardar yafiya da ke wanke likita. Ga yara da matasan da ake matsa wa lamba daga gida da wakilai, muna ganin tsarin Italiya ya fi kāre su, domin yaron da dangi suka zuba wa ido ba zai taɓa cewa a'a da bakinsa ba. Ga babban mutum da aka yi wa cikakken bayani, kuma aka san cutarsa ciki da waje, tsarin ya yi tsauri fiye da kima.

Hujjar masu kāre tsaurin tana da ƙarfi. Wani bincike da likitocin jami'ar Padova suka wallafa a 2006 ya bi mutuwar fuju'a ta 'yan wasa a yankin Veneto daga 1979 zuwa 2004, ya ga ta sauka daga 3.6 zuwa 0.4 cikin kowane 100,000 a shekara, raguwar kashi 89 cikin 100, alhali a tsakanin matasan da ba sa gasa, waɗanda ba a auna su, adadin bai canza ba. Cikin 'yan wasa 42,386 da aka auna a cibiyar Padova, kashi 2 cikin 100 ne aka hana takarda saboda zuciya.

Yanzu ga illar da ta shafe mu kai tsaye. Zanen ECG na ɗan wasa baƙar fata ba iri ɗaya ba ne da na Bature, kuma tsofaffin ma'aunan karanta zanen da fararen fata aka gina su. Wani nazari da aka yi a Ingila a 2014 ya nuna cewa ma'aunin Turai na 2010 yana ɗaga tutar shakku a kan kusan kashi 40 cikin 100 na baƙaƙen 'yan wasa, fararen kuwa kashi 16. Da aka gyara ma'aunin, na baƙaƙe ya sauka zuwa kusan 11. Abin da ke jawo ruɗanin shi ne wani zane da ke fitowa a wayoyin gaban ƙirji, V1 zuwa V4, inda layin ke tasowa ya yi ƙusumbi sannan wani ɓangaren zanen da ake kira alamar T ya kifa ƙasa. A jikin Bature wannan abin tsoro ne. A jikin baƙar fata ɗan wasa da ba ya jin komai kuma babu tarihin cuta a gidansu, ma'aunin duniya na 2017 ya ce halitta ce da atisaye, ba cuta ba. Haka bangon zuciyar baƙaƙen 'yan wasa maza yakan fi kauri, a wasu yana wuce milimita 12 ba tare da ciwo ba. Likitan babbar cibiya da ke ganin 'yan Afirka kullum ya san wannan. Na ƙaramin gari yana iya tura yaro eko da MRI, ya yi wata biyu a benci a banza. Tambayar da ta dace a yi, cikin ladabi, ita ce ko da ma'aunin 2017 aka karanta zanen. Amma kada a mayar da wannan garkuwa. Idan alamar T ta kifa a wayoyin gefe, V5 da V6, wannan ba ruwansa da launin fata, dole a bincika har ƙarshe.

Fitsari ma yakan tsayar da mutane. Atisaye mai tsanani kwana ɗaya kafin awo yana iya fitar da jini ko furotin, don haka a huta ranar jajibiri, mata kuma su kauce wa kwanakin al'ada. Wanda ya tashi yana wanka a kududdufi ko dam a gida, idan aka ga jini a fitsarinsa, ya faɗa wa likita maganar tsargiya, domin ba ita ce za ta fara zo wa likitan Italiya a rai ba, kuma maganinta mai sauƙi ne. Mai jinin AS shi ma ya faɗa. Ba ya hana takarda, amma yana iya bayyana jinin, kuma yana da muhimmanci mai horarwa ya san a kula masa da ruwa da zafi.

Akwai kuma takardar tambayoyi da ake cikewa tun farko: ko ka taɓa suma, ko ciwon ƙirji, ko wani a dangi ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya, ko an taɓa hana ka takarda a wani wuri. Mutanenmu kan ce babu a duka, wani lokaci don tsoro, wani lokaci don a gida ba a binciken dalilin mutuwa, an dai ce ajali ne. Idan akwai ƙanin uba da ya faɗi a gona yana ɗan shekara 30, ko wa da aka tarar ya cika a barci, a faɗa. Yawancin cututtukan nan na gado ne, kuma wannan labarin yakan fi na'ura amfani. Wanda ya ɓoye tsohon hani ya je wurin wani likita ya sa hannu a kan ƙarya ne, takardar da ya samu ta haka ana iya soke ta, kuma kamfanin inshora zai riƙe wannan hujja idan tsautsayi ya faɗa.

Takarda mai kyau ma tana iya faɗuwa kafin shekara ta cika. Sabon ciwo ko suma ko tiyata suna mayar da mutum gaban likita. A lokacin korona, daga Janairun 2021, ɗan wasan da ya kamu sai ya sake awo kafin ya koma fili. A dambe dokar 1982 ta fayyace: wanda aka sumar ko aka tsayar da wasansa kafin lokaci zai huta aƙalla kwana 30, har da atisaye, idan kuma sau biyu ne a jere, wata 3. A ƙwallon ƙafa, sashe na 43 na ƙa'idojin hukumar ƙwallon ƙafa ta Italiya, FIGC, ya wajabta wa ƙungiya ta sanar da hukumar nan take idan an ce ɗan wasanta bai cancanta ba, domin a soke rajistarsa.

Idan hukuncin ya fito non idoneo, likita yana da kwana 5 ya sanar da mai shi da ofishin yanki tare da sunan cutar. Ƙungiya sakamakon kawai ake gaya mata, ba a gaya mata ciwon, kuma wannan sirri abin yabo ne. Daga nan akwai kwana 30 na ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin yanki mai likitoci biyar: na wasanni, wanda shi ne shugaba, da na cututtukan ciki, da na zuciya, da na ƙashi, da na shari'a. Kwamitin takardu yake dubawa, ba roƙo ba, kuma wasiƙar da ke cewa yaro lafiyarsa ƙalau, kullum yana gudu, ba ta sauya komai. Abin da ke sauya hukunci shi ne sabon bincike daga babbar cibiyar zuciya, da rahoton ƙwararre da ya ɗauki dalilin hanin ya amsa shi kai tsaye. A nemi kwafin duk gwaje-gwajen tun ranar farko, zanen ECG ɗin kansa, ba taƙaitaccen bayani ba, domin doka ta wajabta wa likita ya ajiye su aƙalla shekara 5. A riƙe ambulan ɗin da hukuncin ya zo a ciki, saboda ranar da ke jikinsa ce za a ƙirga kwana 30 da ita, a kuma aika ƙarar ta wasiƙa mai rajista ko ta imel mai shaida da ake kira PEC, a ajiye rasit. Har sai kwamitin ya yi magana, hanin yana nan daram, kuma ɗan wasan ba zai buga ba.